Akwati da Kibiya: Yadda Ake Zana Tsarin Manhaja a Intabiyun Neman Aiki

Duk wanda ya taɓa neman gida a lungunan tsohon birnin Kano ya gamu da masu kwatance iri biyu. Akwai wanda zai tsaya yana zuba maka da baki, ka miƙe, ka sha kwana, ka wuce gidan wane, ka sake shan kwana, kafin ya dire ka manta mafarin zancen. Akwai kuma wanda zai tsuguna ya tsinci tsinke, ya ɗiga aya a ƙasa ya ce ga inda kake tsaye, sannan ya ja layi: ga masallaci, ga mai shayi, ga ƙofar da kake nema. Ba lalle na biyun ya fi na farkon sanin unguwar ba. Ya dai faro daga inda ƙafarka take, ya bar maka abin da idonka zai bi.

Aikin mai tsinken nan shi ake nema a wurinka ranar da ka zauna intabiyun tsara manhaja. Manyan kamfanoni irin su Google, Amazon, Meta da Microsoft, da ƙananan da suka kwaikwaye su, suna ware zama guda na minti 45 zuwa awa ɗaya, su jefo maka tambaya mai faɗi: tsara mana manhajar raba hotuna irin Instagram, ko ta aika saƙo irin WhatsApp. Ba lambar kwamfuta za ka rubuta ba. Za ka zana yadda sassan za su haɗu, ka kuma kare kowane zaɓi da ka yi. A da a ofis ake yi, a kan farin allo da maka. Tun daga 2020 da annoba ta rufe ofisoshi, yawancin zaman ya koma ta bidiyo, abin da ya sa matashi ko matashiya a Zariya ko Maraɗi ke iya fuskantar injiniyan da ke zaune a Landan ko Berlin ba tare da biza ba.

Karon farko da na yi irin wannan zama, na cika allon kafin a yi minti goma. Duk sunan da na taɓa karantawa sai da na ba shi akwati, layuka suka ratsa juna ta ko'ina. Mai tambayar ta bari na gama, sannan ta ce: idan na danna tura a wayata, ina hoton yake fara sauka? Na ɗora yatsa a kan zanen da na yi da hannuna, na kasa bin hanyar. Ban samu aikin ba, kuma gaskiyarsu. Daga baya na zauna a kujerar mai tambaya, na ga haziƙan mutane suna faɗawa wannan ramin ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa nake son a koyi zanen kamar yadda ake koyon kowace sana'ar hannu. Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, wato manhajar raba hotuna.

Kafin ka ja layin farko

Minti biyar zuwa takwas na farko na tambaya ne. Me manhajar za ta yi? Ɗora hoto, bin mutane, ganin hotunan waɗanda kake bi. Da bidiyo? Da saƙon sirri? Idan aka ce a bar su, ka rubuta cewa an bar su. Ka keɓe kusurwar hagu ta sama ka jera waɗannan abubuwa a layi huɗu ko biyar, gajeru, kada ka goge su har a tashi. Su ne alƙalin duk gardamar da za ta biyo baya.

A ƙarƙashinsu ka rubuta lissafi. A ce kun yarda da mai tambaya cewa mutum miliyan 10 ke shiga kullum, kowanne yana kallon hoto 50, kuma ana ɗora sabbin hotuna miliyan 2 a rana, kowanne megabait 2. Rana ɗaya daƙiƙa 86,400 ce. Kallo miliyan 500 a rana ya kama kusan 5,800 a daƙiƙa. Ɗorawa kuwa 23 ce kacal a daƙiƙa. Kallo ya ninka ɗorawa sau 250. Wurin ajiya terabait 4 ne kullum, a shekara kusan 1,460. Idan rabawa da 86,400 zai ci maka lokaci, ka ce za ka ɗauka 100,000 ne, babu mai tambayar da zai hana ka. Waɗannan lambobi uku, 5,800 da 23 da terabait 4, su za su haifi kowane akwati da za ka ƙara. Akwatin da ba shi da uwa a cikinsu ko a cikin jerin buƙatun, ka yi shakkar sa.

Sannan ka raba allon a zuciyarka. Kusurwar buƙatu ta ci kashi ɗaya cikin biyar. Tsakiya na babban zane ne. Gefen dama ko ƙasa ka bar shi fayau, domin tabbas za a ce ka shiga cikin wani sashe ka faɗaɗa shi, kuma wanda ya cinye filinsa tun farko dole ya goge abin da ake bukatar gani.

Akwati uku

Ka fara da abin da yaro ma zai gane. A hagu, waya. A tsakiya, saba, wato kwamfutar da ke can nesa tana karɓar buƙatu tana amsawa. A dama, rumbun bayanai. Kibiya daga waya zuwa saba, kibiya daga saba zuwa rumbu. Shi ke nan. Ka bar tazara mai yawa tsakaninsu, kamar faɗin akwati biyu, domin baƙi na tafe.

Mutane da yawa suna jin kunyar wannan zane, suna ganin kamar zai nuna ƙarancin saninsu. Mai tambaya kuwa abin da yake gani daban ne: ga tsarin da ke aiki, an gina shi cikin minti ɗaya, yanzu sai a ga inda zai karye. Ka faɗa da bakinka cewa wannan zai ɗauki mutum dubu, ba zai ɗauki miliyan goma ba, ga kuma dalili. Daga nan zanen zai girma a gaban idonsa, kowane ƙari da hujjarsa.

Ka riƙe alƙibla ɗaya. Mai amfani da manhaja a hagu, ajiya a dama, buƙata tana tafiya daga hagu zuwa dama. Wasu sun fi son sama zuwa ƙasa, babu laifi, amma allon kwamfuta faɗi gare shi, don haka hagu zuwa dama ya fi samun wuri. Abin da bai dace ba shi ne a sauya alƙibla a tsakiyar tafiya.

Siffofi ma kaɗan suka isa. Akwati mai kusurwa huɗu ga duk abin da ke gudanar da aiki. Siffar ganga ga duk abin da ke riƙe bayanai, wadda kowane injiniya a duniya ya san ta. Dogon akwati mai gaɓoɓi ga layin jira. Akwai tsarin zane da ake kira UML, wanda Grady Booch da Ivar Jacobson da James Rumbaugh suka haɗa, aka amince da shi a 1997, yana da nau'o'in zane goma sha huɗu da ƙa'idoji masu yawa. Babu mai tsammanin su daga gare ka a wannan zama. Nau'i ɗaya kawai zan aro daga ciki nan gaba.

Kibiya ce ke ɗauke da maganar

Idan aka tambaye ni inda zane ke lalacewa, zan ce a kibiya. Akwati yana faɗin abin da ke akwai, kibiya kuwa ita ke faɗin abin da ke faruwa, kuma abin da ke faruwa shi ake gwada ka a kai. Duk da haka ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: a ja layi daga nan zuwa can, babu kai, babu suna, a wuce.

Abu na farko, kan kibiya ya nuna wanda aka je wurinsa. Wanda ya fara magana yana gindi, wanda aka kira yana kai. Waya ce ke kiran saba, saba ce ke kiran rumbu. Amsa za ta dawo, kowa ya sani, ba sai an zana ta ba. Kibiya mai kai biyu tana ɓoye ainihin abin da ake son sani, wato wa ya dogara da wa. Idan rumbu ya mutu saba ta shiga uku, idan saba ta mutu rumbu ko a jikinsa. Kibiya mai kai ɗaya tana faɗin wannan ba tare da ka buɗe baki ba. Inda da gaske ɓangarorin biyu ke fara magana, kamar saba da ke tura wa waya sanarwa, ka zana kibiya biyu, kowacce da sunanta.

Abu na biyu, kowace kibiya ta ɗauki kalmar aiki. Ɗora hoto. Rubuta bayanin hoto. Karanta jerin mabiya. Kalma biyu ko uku sun isa. Wannan ɗabi'a tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: duk kibiyar da ka kasa sa wa suna, kai ma ba ka san abin da ke bi ta cikinta ba, kuma gara ka gano haka da kanka kafin a gano maka.

Abu na uku, lamba. Ka ɗauki buƙata ɗaya ka bi ta daga farko zuwa ƙarshe, kana sa 1, 2, 3 a kan kibiyoyin. A misalinmu, ga hanyar ɗora hoto bayan zanen ya girma. 1, waya ta gaya wa saba tana son ɗora hoto. 2, saba ta ba ta adireshin wucin gadi mai izini. 3, waya ta tura hoton kai tsaye zuwa ma'ajiyar hotuna ba tare da ya bi ta saba ba. 4, waya ta sanar da saba an gama. 5, saba ta rubuta a rumbu wane ne mai hoton, yaushe, kuma ina yake ajiye. 6, saba ta jefa saƙo a layin jira. 7, mai aikin bayan fage ya ɗauki saƙon ya ƙera ƙananan kwafin hoton. Mai tambaya zai iya cewa koma mana kan mataki na biyar, ku biyun ku san inda ake nufi. Gani ya kori ji, amma sai abin da ake gani yana da jeri.

Abu na huɗu, bambanta jira da rashin jira. Matakai na 1 zuwa 5, mai waya yana riƙe da ita yana kallon abin nan da ke juyawa. Na 7 kuwa ya riga ya sa wayarsa a aljihu. Na farkon ka ja su da cikakken layi, na biyun da layi mai tsinke-tsinke. Da kallo ɗaya za a ga abin da ke jinkirta mutum da abin da ba ruwansa. Idan kana da launi biyu, ka ba hanyar ɗorawa ɗaya, hanyar kallo ɗaya. Shuɗi da ruwan lemo sun fi ja da kore, domin akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore, kuma ba ka san wanda ke gabanka ba. A wata kusurwa ka rubuta bayanin alamomin a layi biyu: cikakken layi ana jira, mai tsinke ba a jira. Daƙiƙa goma zai ɗauke ka.

Layuka su guji ratsa juna. Idan ka ga kibiya za ta tsallake biyu kafin ta isa, akwatin ne ke zaune a inda bai dace ba, ka matsar da shi. Idan kuma abubuwa biyar duk suna magana da abu ɗaya, kamar wurin tara rahoton kurakurai, ka kewaye biyar ɗin da babban layi ka fitar da kibiya ɗaya tak.

Suna: aiki a sama, kamfani a ƙasa

Akwai masu rubuta Redis ko Kafka a cikin akwati su wuce, kamar sunan kaɗai ya isa bayani. Redis na iya zama ma'ajiyar kusa mai riƙe abin da aka fi nema don a amsa da sauri, na iya zama layin jira, na iya zama wurin ƙirga. Wanne kake nufi? Ka rubuta aikin da manyan baƙi, misali ma'ajiyar kusa ta jerin hotuna, sannan sunan kayan aikin a ƙasa da ƙananan baƙi. Haka za ka nuna cewa buƙata ce ta zaɓi kayan aikin. Idan mai tambaya ya ce kamfaninsu Memcached suke amfani da shi, sai ka goge kalma ɗaya, zanen na nan daram. Kuma kada ka ambaci abin da ba za ka iya kare shi ba. Wanda ya rubuta Kafka ya gayyaci tambaya a kan yadda take raba saƙonni da yadda take kiyaye jerinsu. Idan ba ka shirya mata ba, layin jira kawai ya wadatar, kuma gaskiya ce.

Yadda zanen ke girma

Yanzu mu koma ga lambobinmu uku. Terabait 4 a kullum: hotuna ba za su zauna cikin rumbun bayanai ba, sai a ware musu ma'ajiya irin S3 da Amazon ta buɗe a 2006, rumbu ya riƙe adireshinsu kawai. Ga ganga ta biyu ta shigo, da dalilinta. Kallo 5,800 a daƙiƙa, kuma ya fi haka nesa da dare lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu: saba ɗaya ba za ta iya ba, sai a jera da yawa, a sa mai rabon kaya a gabansu, wanda ake kira lod balansa. A nan kada ka zana akwati goma. Ka zana uku a jingine da juna kamar katin wasa, kowa zai gane suna da yawa.

Sai nisa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Tsakanin Legas da Landan akwai kusan kilomita 5,000 a miƙe, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba ko da komai ya tafi daidai, kuma wayoyin da ke ƙarƙashin teku ba a miƙe suke ba. Shafi ɗaya yana da hotuna da yawa. Wannan ne dalilin CDN, wato sabobin da aka warwatsa kusa da jama'a suna riƙe kwafin hotuna. Ka zana shi kusa da waya, a sama ko ƙasa da babbar hanya, da kibiya daga waya zuwa gare shi, da wata daga gare shi zuwa ma'ajiya don lokacin da bai da hoton. Da zarar an ga wannan, an ga cewa mafi yawan kallon nan ba ya ma isa sabarka.

Ninki 250 tsakanin kallo da ɗorawa shi ke kawo ma'ajiyar kusa, wadda ake kira kash, da kuma kwafin rumbu na karatu. Wanda ya ga zanen a wannan mataki zai ƙirga akwati takwas ko tara. A ganina nan ne iyakar babban zane. Ya wuce goma sha biyu, ido ya fara gajiya. Ko Instagram ɗin kansa, da aka buɗe a Oktoban 2010, da irin waɗannan sassa ya yi aiki a shekarunsa na farko: PostgreSQL don bayanai, S3 don hotuna, CloudFront don kai su kusa da mutane, Redis don jerin hotuna. Lokacin da Facebook ta saye shi a 2012 ma'aikatansa 13 ne.

Idan aka ce shiga ciki

Wajen minti na ashirin da biyar, mai tambaya zai nuna wani akwati ya ce a buɗe shi. A misalinmu yawanci jerin hotunan shafin farko ne: ta yaya ake haɗa wa kowa nasa? Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara cusa ƙananan akwatuna cikin babban zanen har ya cushe. Ka koma filin da ka bari, ka rubuta kan magana, ka yi sabon zane. Tsohon ya zauna yadda yake.

Simon Brown, wanda ya fito da tsarin zane da ake kira C4, ya kwatanta abin da taswira: ana duba ƙasa baki ɗaya, sannan gari, sannan unguwa, sannan titi, kowanne a shafinsa. Matakansa huɗu ne: tsarin da maƙwabtansa, manyan sassan da ke gudana, ƙananan sassan da ke cikin kowanne, sai lambar kwamfuta. A intabiyu babban zanenka na mataki na biyu ne, faɗaɗawar kuma na uku. Abin da za ka ɗauka daga wurinsa shi ne kada mataki biyu su haɗu a zane ɗaya. Akwatin da ke nufin cibiyar kwamfutoci sukutum bai kamata ya zauna kafaɗa da kafaɗa da akwatin da ke nufin tebur ɗaya a rumbu ba.

A batun jerin hotuna hanya biyu ce, kuma ka zana su gefe da gefe. Ta farko, duk lokacin da mutum ya ɗora hoto a bi mabiyansa ɗaya bayan ɗaya a saka shi a jerin kowa, kallo ya yi sauri, ɗorawa ta yi nauyi. Ta biyu, a bari sai mutum ya buɗe manhaja sannan a tattaro masa daga waɗanda yake bi, ɗorawa ta yi sauƙi, kallo ya yi nauyi. Lambarmu ta 250 tana goyon bayan ta farko. Amma ɗan ƙwallon da ke da mabiya miliyan 50 fa? Hoto ɗaya nasa rubutu miliyan 50 ne. Sai a gauraya: talakawan manhaja a bi da su ta hanyar farko, masu tarin mabiya ta hanya ta biyu. Martin Kleppmann ya tattauna wannan matsala da misalin Twitter a babin farko na littafinsa na 2017 a kan tsarin manhajoji masu tarin bayanai, kuma babin ya cancanci a zauna a karanta shi da biro a hannu. Bayan ka zaɓa, ka sa alama a kan wadda ka ɗauka, ka bar ɗayar a allo. Kasancewarta a wurin shaida ce cewa ka auna.

Inda tambayar ta koma kan jeri, misali me zai faru idan hoto ya shiga ma'ajiya amma rubutu a rumbu ya faskara, akwati da kibiya ba sa iya nuna lokaci. A nan ne zan aro abu ɗaya daga UML. Ka jera sunayen sassan a sama, ka saukar da layi tsaye daga kowanne, sannan ka ja kibiyoyi a kwance daga sama zuwa ƙasa bisa yadda abubuwa ke faruwa. Sama shi ne farko, ƙasa shi ne ƙarshe. Ka sa gicciye a kan kibiyar da ta faskara, nan take za a ga hoton da ya zama maraya a ma'ajiya, sai ka kawo maganinsa: sake gwadawa, ko mai shara da ke zagayawa yana kwashe hotunan da babu mai su.

Ko ba a tambaye ka ba, ka ɗauki minti biyu ka bi babban zanen kana rufe akwati ɗaya bayan ɗaya da hannu. Idan wannan ya mutu, me zai tsaya? Duk akwatin da yake shi kaɗai kuma kibiyoyi da yawa suka nufe shi, nan ne haɗarin. Wannan ba tsoron banza ba ne. A watan Fabrairun 2017 kuskuren umarni ɗaya da wani ma'aikaci ya shigar ya tsayar da S3 a yankin gabashin Amurka na sa'o'i, shafuka da manhajoji masu yawa da suka jingina da shi suka tsaya tare da shi.

Hannu, baki da na'ura

Ka riƙa magana kana zane. Shirun minti biyu a irin wannan zama dogo ne ƙwarai, kuma mai tambaya ba ya iya ba ka maki a kan tunanin da bai ji ba. Ka faɗi dalili kafin ka ja akwatin: tunda kallo ya fi yawa, zan sa ma'ajiyar kusa a nan. Idan a farin allo ne, ka tsaya a gefe, kada bayanka ya rufe aikinka, ka kuma gwada makar tun kafin a fara. Idan aka katse ka, ka ajiye alƙalami ka saurara. Yawancin katsewa taimako ne, ana nuna maka inda ake son ka je. In gyaran da aka kawo daidai ne, ka karɓa ka sauya zanen a gabansa ba tare da dogon uzuri ba.

Idan ta bidiyo ne, ka tambayi wanda ya shirya zaman tun kwana biyu kafin ranar da wace manhaja za a yi zanen. Excalidraw ta yaɗu sosai, kyauta ce, a burauza take aiki. Akwai Miro da draw.io, wasu kamfanonin kuma suna da tasu. A Excalidraw harafin R yana ba ka akwati, A kibiya, T rubutu, kuma idan ka manna kibiya a jikin akwati za ta bi shi duk inda ka ja shi. Wanda ya haddace waɗannan uku ya ninka saurin mai neman alama da ido. Ka nemi linzamin kwamfuta na daban, ko na aro ne, domin zane da yatsa a kan laftof wahala ce. Ka ƙara girman rubutu fiye da yadda kake ganin ya isa, saboda bidiyo yana dusar da ƙananan baƙi, musamman idan intanet ta yi rauni. Kada ka ɓata lokaci wajen neman tambarin kamfanoni ko daidaita akwatuna su yi layi cif. Mu da muke wuraren da wuta ke ɗaukewa ba sallama, caji ya zama cike, layin waya na biyu da data ya kasance a kusa, takarda fara da baƙin maka su kasance a kan tebur. Idan manhajar zane ta ƙi buɗewa, zane a takarda da aka ɗaga wa kyamara ya fi bayani da baki nesa ba kusa ba.

Atisaye kuwa haka nake ba da shawarar a yi shi. Ka zaɓi tambaya ɗaya, ka sa agogo minti 35, ka yi zanen kana magana da ƙarfi kai kaɗai a ɗaki, da Turancin da za ka yi amfani da shi ranar. Idan agogo ya buga ka ɗauki hoton allon ka tura wa abokin sana'a da bai ji ko kalma ɗaya daga bakinka ba. Ka yi masa tambaya uku: ina hoto yake bi idan an ɗora shi, ina yake fitowa idan an kalle shi, kuma wane akwati ne idan ya mutu komai zai tsaya? Kada ka taimake shi. Duk inda ya tsaya yana tambaya, ka sa alama a wurin: ko dai kibiya ce ba suna, ko lamba ce ta ɓace, ko akwati ne da aka sa wa sunan kamfani maimakon aikinsa. Ka gyara waɗannan wuraren, washegari ka sake zana tambayar daga farko a kan allo fayau, sannan ka wuce zuwa ta gaba, ta aika saƙo ko ta gajarta adireshin intanet.